Kwana da aikin rani a dajin Tonto na jihar Arizona ta Amurka

Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu biyu ne muke son zuwa dajin Tonto da ke gabas da Phoenix, mu kafa tanti kwana uku a watan Yuli, kuma ƙaramar mota gare mu. Na kuma ji ana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi a can. Me ya kamata mu tanada, kuma ta ina ake neman aikin?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, ajiye maganar kaya tukuna, a fara da wata da kuma tudu. Tonto ba wuri ɗaya ba ne. Faɗinsa ya kai eka miliyan 2.9, ya fi rabin jihar Kano ke nan. Ta ƙasa, wajen tafkunan Saguaro da Canyon da Bartlett, hamada ce zalla, duwatsu da murtsunguwa, tudun bai fi mita 400 zuwa 600 daga teku ba. Ta sama, wajen ganuwar dutsen Mogollon, ya kai mita 2,400, kuma itatuwa ne dogaye masu inuwa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da digiri 6 ko fiye kaɗan. Saboda haka a Yuli ƙasa ba wurin kwana ba ne. A 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi na kaiwa digiri 43 ko sama, akwai ma daren da bai sauka ƙasa da 36 ba. In Yulin dole ne, ku bi hanya mai lamba 87 zuwa Payson, mita 1,500, daga nan ku ɗauki 260 zuwa sansanin Ponderosa ko Christopher Creek. Hamadar kanta kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris ake shigarta.

Ilyasu Ɗan Agadas: Malam, ba na musu da kai, amma kada a tsorata yaro. Digiri 43 a Agadas ko Maiduguri a watan Afrilu ba labari ba ne. Wanda ya san dokar sahara ya san ta ko'ina: tafiya daga asuba zuwa hantsi, a kwanta a inuwa har la'asar sakaliya, a rufe jiki ruf da tufa mai yalwa, a rufe kai da wuya. Masu cire riga su ne rana ke kayarwa.

Hajiya Binta: Ilyasu, dokar da ka kawo daidai ce, amma maganar sabo ita ce nake jin tsoro. Sabo da zafi ba gado ba ne. Jiki kan ɗauki kwana 7 zuwa 14 yana aiki cikin zafi kafin ya koyi fitar da gumi da wuri ba tare da zubar da gishiri da yawa ba, kuma in mutum ya yi 'yan makonni cikin sanyin na'ura, a gida da mota da ofis, sabon ya tafi. A 2023 mutum 645 zafi ya kashe a gundumar Maricopa kaɗai, inda Phoenix take, kuma da yawansu sun daɗe a wurin. Busasshiyar iska ma tana yaudara, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zufa.

Nura, ga yadda za ka gane. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsoka na ɗaurewa, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu: a tsaya, a shiga inuwa, a jiƙa tufa, a sha ruwa da kaɗan-kaɗan. Amma in abokin tafiyarka ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko ya kasa gane inda yake, wannan ya wuce gajiya. A kwarara masa ruwa a duk jiki, a yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a kira lambar gaggawa 911 nan take. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Ilyasu Ɗan Agadas: Na karɓa, Hajiya. To bari in yi masa lissafin ruwa, tun da shi ne uwar tafiya. Lita 4 ga mutum ɗaya a rana da ake faɗa, na wanda ke zaune a inuwa ne. Mai yawo cikin zafi ya sa 6 zuwa 8. Mutum biyu, kwana uku, a lita 6: lita 36 na sha. Girki da wanke kwano lita 3 a rana, 9 ke nan. Alwala, in ana tattali da buta, lita 2 kowa a rana, 12. Sai ajiyar da ba a taɓawa sai mota ta lalace, lita 15 aƙalla. An haura 70. Jarka huɗu masu lita 20, kada a zuba a babbar roba ɗaya, don in ta huje an rasa duka. Kuma kowace lita kilo ɗaya ce, a jera jarkokin a ƙasa tsakanin tayoyi, ba a saman mota ba. Alamar rijiya ko maɓuɓɓuga a taswira kada ta shiga lissafi, yawancinsu a bushe suke a rani.

Hajiya Binta: Ƙari ɗaya. Ruwa zalla ba tare da abinci ba shi ma yana kayar da mutum, gishirin jini ya yi ƙasa, alamunsa kuma suna kama da na zafi. Kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20 lokacin tafiya, kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa. A ci gyaɗa mai gishiri, ko a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda muka sani: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali.

Baba Audu Bakanike: Ɗana, ƙaramar motar nan ita ce ta tsaya mini a rai. A kan kwalta har Payson ba matsala, sai dai hawan 87 dogo ne, mota mai tsohon lagireto a nan take tonuwa. Kafin ka tashi duba ruwan lagireto, da tiyo, da bel, da fanka. Batir da ya shekara uku a Arizona tsoho ne, zafi ke cinye shi. In allurar zafin inji ta fara hawa, kashe na'urar sanyi, kunna hita, samu gefe ka tsaya. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce sarai.

Hanyoyin cikin daji kuwa tsakuwa ce da gargada, dutsen na yanka gefen taya. Safaya ta gaskiya ake so, ba 'yar siririyar nan ba, da jak, da guntun katako da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, da shebur, da famfon iska mai aiki da batir. In ka shiga rairayi, rage iska zuwa 18 ko 20, ka tafi a hankali ba tsayawa. Da taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafa. Ƙara wuta rami yake haƙa maka. Tone gaban tayoyi, shimfiɗa tabarmar ƙafa ta mota ko rassa, ka koma da baya ta sawunka. In ka fito kan kwalta mayar da iskar, taya mai ƙarancin iska a guje cikin zafi fashewa take.

Abu biyu kuma da ba na so ka manta. Kada ka ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa, tukunyar salansa na da zafin da zai kunna ta. Gobarar Bush ta Yunin 2020 daga wutar mota ta tashi, ta cinye sama da eka 190,000 na wannan daji. Na biyu, in mota ta mutu a inda babu sabis, ku zauna tare da ita. Mai nema ya fi saurin ganin mota a kan mutum. Ɗaga bonet, ɗaura tamfol a yi inuwa, kada a kwanta a ƙasa tsirara don ta fi iska zafi nesa ba kusa ba.

Nura: Na gode Baba. In ba mu samu wuri a sansani ba fa? Na ga hotunan mutane sun kafa tanti a cikin busasshen rafi, yashi lumui, ga inuwar itatuwa.

Ilyasu Ɗan Agadas: Kul! Wannan ita ce wadda ba a yi wa gardama. Duk wanda ya san koramun duwatsun Ayar na wajen Agadas ya san ruwa kan zo daga dutsen da ba ka gani, sama tas a kanka. Daminar Arizona a hukumance daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba ce, Yulinka na tsakiyarta. Hadari kan haɗu bayan azahar a kan tuddai. Ranar 15 ga Yulin 2017 ambaliya ta sauko ta rafin Ellison kusa da Payson, ta kashe mutum 10 'yan dangi ɗaya da suka je wanka. Ruwan can sama ya sauka, a kan ƙunar wata gobara da aka yi wata guda kafin nan. Ƙasar da ta ƙone ba ta shan ruwa, ba kuma ciyawar da za ta riƙe shi, sai ya taho da toka da kututture da duwatsu gaba ɗaya. Ka duba rassan da ke bakin rafi: inda ka ga shara da ciyawa sun maƙale a sama, nan ruwa ya taɓa kaiwa, tantinka ya fi nan tudu. In ka ji ruri kamar na tirela, ko ruwa ya fara gurɓacewa, hau gefe, kada ka gudu ta cikin kwarin.

Baba Audu Bakanike: Haka ma tsallakawa da mota. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Arizona na da doka: in ka zagaye shingen da aka sa ka shiga ambaliya, ana iya cajinka kuɗin ceto.

Malam Habu: Game da kwana a wajen sansani, an halatta kuma kyauta ne a mafi yawan dajin, amma da ƙa'idoji. Kwana 14 ne iyaka cikin kwana 30. Tambayi taswirar hanyoyin mota ta hukumar daji a ofisoshinta, irin na Mesa da Payson da Globe da Cave Creek, ka kuma duba wadda ake saukewa a waya. Hanyar da ba ta cikinta ba a bin ta ko da ka ga sawun taya. Sauke ta tun kana gida. Nemi wurin da wasu suka riga suka kwana, kada ka share sabo. Dokar jiha ta hana kafa tanti cikin mita 400 daga mashayar dabbobi in hakan zai hana su sha. Bahaya: rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, mita 60 daga ruwa da hanya, takarda kuma a tafi da ita don a busasshiyar ƙasa ba ta ruɓewa. Wuraren tafkuna na buƙatar katin ajiye mota na Tonto, ana sayar da shi a shaguna da gidajen mai na kusa. Sansanoni da yawa ana kama wuri ta shafin Recreation.gov tun wata shida kafin lokaci, kuma na tudu a ƙarshen mako na rani cika suke. Ka lura da iyaka: dajin ya yi maƙwabtaka da ƙasar Apache ta San Carlos da ta Fort Apache, su da nasu izinin, haka filayen jiha.

Injiniya Sani: Malam ya bar maganar wuta. Daga Mayu har ruwa ya kankama yawanci akwai takunkumi. Mataki na ɗaya: ba a hura wutar itace ko gawayi sai a murhun ƙarfe na cikin sansani. Mataki na biyu: ba a hura ta ko'ina, sai rishon gas mai makunni, a kan wurin da aka share mita ɗaya kowane gefe. In abin ya ƙazanta ana rufe sassan daji gaba ɗaya. A duba shafin dajin ranar tafiya, ba mako guda kafin ba. Ni shawarata ma ko an halatta, a bar wutar itace.

Ilyasu Ɗan Agadas: Shayi a kan gas, Injiniya? A sanyin Janairu a hamada, da dare na iya kaiwa kusa da ƙanƙara, garwashi na da amfani.

Injiniya Sani: A lokacin sanyi, in babu takunkumi babu iska, a hura ƙarama a tsohon murhu, da sharaɗin akwai lita 10 na kashewa. A kwarara ruwa, a juya da shebur, a sake kwarara, a kai bayan hannu kusa a ji. Binnewa da ƙasa ba kashewa ba ce, garwashi na kwana a ciki iska ta tone shi. Kuma ba a shiga tanti da garwashi ko risho, hayaƙin da ba ya wari shi ke kashe mutum cikin barci. Dalilin tsananin nan, hamadar Sonora ba ta saba da wuta ba. Da can tsakanin tsiro da tsiro fili ne, wuta ba ta samun abin bi. Yanzu baƙin ciyayi sun cike filin. Ɗaya daga ciki, wadda suke kira bafal, 'yar Afirka ce, dangin ƙarangiyarmu, an kawo ta tun shekarun 1930 don kiwo da tare zaizaya. Tana ci da zafi ta sake tofowa, murtsunguwar saguaro kuwa, wadda kan shekara 50 ko fiye kafin ta fitar da reshe, in ta ƙone shi ke nan.

Yaya Talatu: Ƙananan abubuwa masu ɓata tafiya. Akwai murtsunguwar da ake kira coya, gaɓoɓinta na ɓallewa su maƙale a ƙafa ko takalmi. Kada ka sa hannu. Zura matajin kai tsakanin gaɓar da fata ka fizge gefe, ragowar ƙayar a cire da hantsaki. Kunamar wurin ƙarama ce, ruwan ƙasa, tana hawa bango da itace, kuma harbinta na da haɗari ga yara. Kakkaɓe takalmi da safe, zuge zif ɗin tanti ko da minti ɗaya za ka fita. Tocila mai hasken UV na sa kunamar ƙyalli da dare. Macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya da yamma da dare yake fita a rani, kada a taka inda ba a haska ba, kada a zura hannu ƙarƙashin dutse. A tudu akwai beyar, abinci da man goge baki su kwana a mota a kulle, ba a tanti ba. Turakun tanti na roba ba sa shiga wannan ƙasa, nemi dogayen ƙusoshi na ƙarfe da guduma, inda ya ƙi ka ɗaura igiya a dutse. Alƙibla daga nan arewa maso gabas ce, kusan digiri 30 daga arewa, ba gabas sak ba.

Hajiya Binta: In maciji ya sari mutum: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri, ba ƙanƙara. A cire zobe da agogo, a zana iyakar kumburi da biro a rubuta lokaci, a nufi asibiti. Sai wata cuta da ta shafe mu kai tsaye, zazzaɓin kwari (Valley fever), wadda wani naman gwari na cikin ƙasar Arizona ke kawowa ta ƙura. Yawancin mutane na warkewa, amma an tabbatar baƙar fata sun fi haɗarin ta bazu zuwa ƙashi da fata da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya yi haƙa ko guguwar ƙura ta same shi, in tari da zazzaɓi da kasala suka wuce mako biyu, ya ce wa likita a gwada shi da sunan cutar, don ana yawan ɗaukarta a matsayin nimoniya a ba da maganin da ba ya mata komai.

Nura: Allah ya saka da alheri. Saura maganar aiki.

Injiniya Sani: Tambayar farko takarda ce. Aikin hukumar daji na gwamnatin tarayya ne, ta shafin USAJOBS ake nema, kuma kusan duka sai ɗan ƙasar Amurka. Namiji kuma ana duba ko ya yi rajistar da doka ta wajabta wa samari ta shirin soja. Mai katin zama na dindindin ya duba ƙungiyoyin matasa masu gyaran hanyoyin ƙafa da cire ciyawa, irin Arizona Conservation Corps da American Conservation Experience, ko kamfanonin da ke riƙe da sansanoni a kwangila. Mai bizar ziyara ba shi da izinin aikin kuɗi, ɗalibi kuma kada ya karɓi komai sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa ya sa hannu.

Lokaci kuma ya saɓa wa tunani. Aikin da za a fara a Maris ko Afrilu, tun kaka ta shekarar baya ake tallarsa, kuma tallar ba ta daɗewa. Wanda ya zo nema a Yuli ya makara da wata tara. A takardar neman aiki a rubuta wata da shekarar kowane aiki da awa nawa a mako, in babu ana iya jefar da ita. Noma, gini, tuƙi, duk aikin ƙarfi a sa. Bayan an tura, a buga wa shugaban tawagar waya. Yawancin guraben awa 1,039 ne iyakarsu, wata shida ke nan, ban da ƙarin lokaci, kuma ba sa shiga lissafin fansho. A Satumban 2024 hukumar ta sanar ba za ta ɗauki 'yan wucin gadi ba a shekarar da ta biyo sai na kashe gobara, don haka a wannan shekarar can ƙofar ta fi buɗuwa.

Malam Habu: Kashe gobarar na da sharuɗɗa. Gwajin ƙarfi: tafiyar kilomita 4.8 da kaya kilo 20 a baya cikin minti 45, ba gudu. A fara atisaye wata biyu kafin nan da kilo 10, ana ƙarawa. Sai kwasa-kwasan farko, S-130 da S-190, kafin a ba ka jan kati, wato shaidar cancantar shiga aikin gobara. Takalmi kai za ka nema, na fata, tsayin inci 8, ka taka shi makonni kafin aiki, sabon takalmi a ranar farko bororo ne. Kayan ciki na auduga, na roba narkewa suke a jiki. Aikin kansa haƙa ne da sara: a share layi har ƙasa tsirara don wuta ta rasa abin ci. Ana fita kwana 14 a jere, wuni na kaiwa awa 16, kwana a ƙasa. Albashin tushe kaɗan ne, kuɗin na cikin ƙarin lokaci da kashi 25 na haɗari in ana kan wutar da ba a shawo kanta ba. Tonto na da tawagogin Hotshot, wato na ƙwararrun masu kashe gobara, a Payson da Globe da Mesa, amma sabon shiga ya fara da motar ruwa ko tawagar hannu ta gama-gari.

Hajiya Binta: Ni dai ba zan ce wa yaro aikin nan riba ba ne kawai. Gobarar Dude ta 1990 kusa da Payson ta kashe ma'aikata shida, ta Yarnell ta 2013 ta kashe 19. Ga hayaƙin da ake shaƙa wata da watanni.

Malam Habu: Gaskiya ne Hajiya, ba kuma a ɓoye masa ba. Shi ya sa ake tambayar tawaga kafin a karɓa: wa ke gadin ido a tudu, ina hanyar tsira, ina mafaka. Wanda bai da natsuwa da wuta, gyaran hanyoyin ƙafa a hamada aikin lokacin sanyi ne, daga Oktoba zuwa Afrilu, sau da yawa kwana 8 a daji, hutu kwana 6. Alawus ne ba albashi mai kauri ba, amma a nan ake koyon zarton inji da aikin dutse, kuma shugabannin tawagar gobara na ganin wannan a takarda.

Yaya Talatu: Nura, in ka samu, faɗa wa shugabanka maganar abinci da salla tun ranar farko. Ƙunshin abincin rana a sansanin gobara sau da yawa da naman alade a ciki, amma akwai na marasa cin nama in an rubuta sunanka tun da wuri. Riƙe dabino, gyaɗa, kifin gwangwani da garin kwaki a jaka. Kada ka sa a aiko maka kilishi daga gida, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo. Tambayi kuma ko akwai ɗakin kwana na gwamnati a tashar da nawa ake cirewa a albashi, don haya a Payson a rani ba ta da sauƙi.

Nura: Mun sauya shiri. Yuli za mu hau Christopher Creek, in mun samu wuri, tafkin Roosevelt da ke ƙasa cikin hamada kuma sai Disamba. Baba Audu, safayata 'yar siririyar ce, zan samu cikakkiya a ina da araha?

Baba Audu Bakanike: Je wurin masu sayar da kayan motocin da suka yi haɗari, ka sayi wili da taya tare. Kai musu lambar da ke jikin tayarka da yawan ƙusoshin wilin. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, bar musu ita. Ka gwada ɗaura ta a ƙofar gida kafin tafiya, ka ga ko sifanarka na kama ƙusoshin.